Safar Hannun Darakta

Idan ana lissafin mutanen da suka sadaukar da kansu don wasu su rayu, to a matsa a ba Darakta wuri. Ba don shi ba, da tuni ma'aikata ashirin da takwas na kamfanin shafen ƙarfe sun zama labari. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba.

Kamfanin na yayansa ne. Aikinsu yi wa noti da kusoshi wanka a ruwan kadmiyom don kada su yi tsatsa. Shekara da shekaru Yaya yana neman kujerar da za ta dace da autan gidansu. Ya gwada shi a sashen motoci, ya gwada shi a sito, ya gwada shi a karɓar baƙi, ko'ina wurin ya yi wa basirarsa kaɗan. Ana cikin haka hukuma ta ce dole duk kamfanin da ke taɓa guba ya naɗa jami'in kariya. Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya tura shi kwas na kwana uku.

Ya halarci ranar buɗewa da ranar rufewa, wato ranakun da ake ɗaukar hoto. Ta tsakiyar, wadda ake gwada aiki da hannu, ya bar wa ƙananan mutane. Amma a yi masa adalci, ɗan littafin da aka raba ya haddace shi daga bango zuwa bango. Ya dawo da satifiket, da farar riga mai aljihu uku, da muƙamin da ya zaɓa wa kansa a cikin mota: Babban Daraktan Kariya da Kiyaye Haɗurra. Sashen mutum ɗaya ne. Shi ne darakta, shi ne mataimaki, kuma ba a taɓa jin saɓani tsakaninsu ba.

Sai maganar safa. A bakin ɗakin sinadari akwai kwalin safar hannu, irin shuɗiyar nan mai laushi da kowa ke zara ya sa, in ya gama ya jefa a durom. Darakta ya dube ta ya ga raini. Ya za a yi babban mutum ya sa abin da ake jefarwa? Ya je kasuwa ya samo tasa, ja wur, mai kauri, har gwiwar hannu, ya rubuta DARAKTA a wuyan kowacce da baƙin alƙalami. Yana sauka daga mota zai zura ta, ba ya cirewa sai an tashi. A gabansa ana ce masa ranka ya daɗe. Yana ba da baya sunansa Jan Hannu.

Ɗakin sinadarin kuwa a hannun Goggo yake, wata dattijuwa mai ƙarancin magana wadda ta shekara ashirin da biyu tana auna gishirin kadmiyom. Ta san Darakta tun yana zuwa kamfanin da gajeren wando. Ita ba ta da satifiket, abin tausayi. Abin da kawai ta iya shi ne ta sa takunkumi da tabarau, ta buɗe kwalbar gishirin a cikin akwatin da ke zuƙe iska, ta auna, ta rufe, ta goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ta jefa tsumman a durom mai murfi. A bakin ƙofa ta zare safarta ta juye ta ciki waje, ta bi da ita durom, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu. Ko jawabi ɗaya ba ta taɓa yi ba.

Jawabi na Darakta ne, duk Litinin da safe. Za a jeru a tsakar kamfani, ya sa a fito masa da kwalbar, ya ɗora ta a tebur, ya gyara murya.

"Jama'a, ku buɗe ido. Wannan da kuke gani fari sol kamar gishirin girki, sunansa kadmiyom kulorayid. Ba ya wari, ba ya ihu. Yana ganin ruwa zai narke, ko a iska ka bar shi laima yake ja. Ka shaƙi ƙurarsa, huhunka ya shiga uku. Ka haɗiye shi, amai da gudawa a ranar, ragowar kuma ya wuce ƙoda ya kama ɗaki, shekara ashirin bai tashi ba. Ƙashi ya yi laushi. Cutar daji tana biye. Ka zuba shi a lambatu, ka kashe kifin da bai san ka ba. Saboda haka ba ci, ba sha, ba sigari a inda yake!"

Ko harafi bai kuskure ba. Sai dai malami na gari ba ya barin ɗalibi da baki kawai. Sai ya buɗe murfin, ya tsoma jan yatsa biyu, ya ɗebo, ya murza, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Kun ga ni bai yi mini komai ba? Me ya sa? Safa! Ilimi ke nan."

Daga nan ya kaɗe yatsu a gefen riga, ya bi layi yana ba kowa hannu, domin shugaba ne mai son talakawansa.

Bayan musabaha sai zagaye. Jan Hannu ya murɗa ƙofar ofis, ya buɗe firjin ɗakin hutu ya ga ko an jera ruwa bisa ƙa'ida, ya ɗaga murfin tukunyar shayi, ya amsa waya, ya sosa gemu. In ya ga wani yana cin biskit kusa da injin, zai ƙwace da hannunsa mai tsarki, ya yi masa faɗa, in ya huce ya mayar masa.

Sau ɗaya Goggo ta tare shi a lungu, yadda ba mai ji.

"Auta, safar nan fa a bakin ƙofa ake rabuwa da ita. Abin da ta ɗauko a kwalba shi kake raba wa mutane."

"Goggo, na farko dai a wurin aiki sunana Darakta. Na biyu, safa kariya ce. Kin taɓa jin inda kariya ta yi yawa? Wanda ya sa ta minti goma ya tsira minti goma. Ni da nake sa ta awa takwas, yi lissafi da kanki."

Ba ta yi lissafin ba. Ta dai kwashe kofunan ma'aikata ta kulle a kabad ɗinta, ta koya wa kowa ya wuce famfo da zarar an gama gaisuwar Litinin. Kullum in ya gama zagaye sai ta bi sawunsa da jiƙaƙƙen tsumma. Darakta ya lura da hakan, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce tsaftarsa ta fara yin naso. Ofishinsa ne kawai ba ta shiga, don mabuɗin a aljihunsa na uku yake. A gida kuwa matarsa ta yanke hukunci tun ranar farko, ba don ta san kadmiyom ba, sai don warin roba: "Malam, ko kai ko ita, ɗaya zai kwana a mota." Safar ta kwana a mota.

Wata goma sha ɗaya ana haka, sai ga takarda. Lasisin kamfani ya kusa ƙarewa, hukuma za ta turo mai bincike ranar Alhamis. In an ci, a sabunta. In an faɗi, a garƙame ƙofa, mutum ashirin da takwas su koma gida su yi wa iyalansu bayani. Yaya ya kira ƙanensa ofis, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Auta, don Allah ranar nan ka rage magana."

"Yaya, kwantar da hankalinka. Su ne za su zo koyo."

Kwana uku kamfani bai huta ba. An manna alamun ƙoƙon kai da ƙasusuwa har a ƙofar banɗaki. An yi atisayen yadda za a amsa gaisuwa baki ɗaya. Ranar Laraba Darakta ya tunkari ɗakin sinadari da tsintsiya a hannu ɗaya, bututun ruwa a ɗaya, zai share ƙura ya kora ta lambatu don wurin ya yi ƙyalli. Goggo ta kulle ƙofar, ta zauna a kan kujera a gabanta, ta ce mabuɗin ya ɓata. Ya rubuta mata takardar gargaɗi. Ta naɗe ta ta sa a ƙarƙashin ƙafar kujerar, dama tana girgiɗi.

Mai binciken wata siririyar mata ce da ƙaramar jaka da kyamara. Darakta ya tarye ta a get, ya miƙa jan hannu. Ta dubi hannun, ta dube shi, ta ce ina kwana. Ya ɗauka kwarjini ne. Ya yi mata jawabin Litinin gaba ɗaya, da ƙarin tarihin rayuwarsa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Yaushe ka canja safar nan?"

Ƙirji ya fito. "Canji? Hajiya, wata goma sha ɗaya ke nan, ko rana ɗaya ba a gan ni a bakin aiki da hannu tsirara ba. Ki tambaya."

Ba ta tambaya ba. Ta buɗe jaka ta fito da wasu tsinkaye masu auduga a kai, ta ce in audugar ta taɓa kadmiyom takan rikiɗe ta yi ruwan lemo. Aka fara da ɗakin sinadari, wanda mabuɗinsa ya bayyana da safe. Tebur, sikeli, marfin ƙofa, ƙasa: auduga fara tas.

"Horona ne," in ji Darakta.

Aka fito. Hannun firji ya ba da launi kaɗan. Darakta ya ce ai direbobi ba sa jin magana. Murfin tukunyar shayi ya ba da kaɗan. Ya ce iska ce. Maɓallin fitila, ƙarfen bene, bayan kujerar Yaya inda ya saba dafawa in yana ba da shawara, duk kaɗan-kaɗan. Ma'aikata suka yi tsuru-tsuru, kowa yana tuna ranar da ya ci biskit. Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya zauna a kan bokiti.

"A zo ofishina," in ji Darakta, "a ga yadda wuri yake zama in babu jahilai."

Ya buɗe da kansa. Wayar tebur, hatimi, alƙalami, gilashin satifiket da yake gogewa kowace safiya, mataji, madubi. Audugar ba ta tsaya ruwan lemo ba, sai ka ce lemon aka matse a kai. Mai binciken ta jera tsinkayen a kan farar takarda, daga mai haske zuwa mai duhu. Ko makaho aka karanta wa jerin zai gaya maka inda mutum ɗaya ya bi tun safe.

Nan ne Darakta ya waiga ko'ina yana neman wanda zai ɗora wa laifi, karo na farko a tarihin sashen bai samu ba. Sai mai binciken ta ba shi hanyar fita, cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, nuna mana yadda ake cire safa."

Fuskarsa ta washe. Koyarwa! Ya ce kowa ya matso, mai binciken ta shirya kyamararta. Ya ɗaga hannun dama, ya kai bakin babban yatsa tsakanin haƙoransa, ya cije, kamar yadda yake yi kowace yamma a cikin mota, don roba mai kauri in ta sha gumi ba ta fita da lallami.

"Auta!" Goggo ta daka tsawa. "Tofar!"

Kyamara ta riga ta yi ƙyas.

Goggo ce ta sa shuɗiyar safa, ta kama wuyan jar, ta zare ta a juye, ɗaya bayan ɗaya, ta jefa a durom. Farar rigar ta bi su. Ta ja shi famfo ya kurkure baki, ta tsaya a kansa yana wanke hannu. Hannayen suka fito fari-fari, a yamushe, 'yan ƙanana, kamar ba su taɓa jagorantar komai ba.

Mai binciken ta daɗe tana rubutu. Ta ce da ɗakin sinadari ya faɗi, da yau ta sa kwaɗo. Tunda gubar ba daga aikin take fitowa ba, ƙafa ce da ita, za a rufe kwana uku a wanke ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma, a gwada jini da fitsarin kowa, a miƙa aikin kariya ga Goggo mai ɗakin sinadari, sannan a sabunta lasisi. Yaya ya tashi daga bokiti yana godiya kamar an yi masa haihuwa.

Sakamako ya fito bayan sati biyu. Ma'aikata duk suna ƙasa da layin haɗari. Na Darakta ya haura, likita ya ce ƙodar tana nan da sauƙi, amma ba shi ba kadmiyom, kuma duk wata uku ya dawo da fitsari a kwalba a gwada. Ya fito daga asibiti yana sanar da jama'a cewa makinsa ya fi na kowa a kamfanin.

Yaya ya naɗa shi Babban Mai Ba da Shawara, da ofis kusa da get, nesa da komai. Bayan wata biyu hukuma ta buga fosta ta raba wa masana'antu. Ga Darakta nan, ido a lumshe, jan yatsa a baki. Ya karɓi kwafi uku. Ɗaya ya kai an yi mata firam na katako, tana falonsa yanzu, duk baƙon da ya zo sai an kai shi gabanta.

"Faɗin ƙasar nan da ni ake koyarwa," yakan ce. "Ba sai na yi magana ba."

Mai firam ya ce sau uku ana dawo masa da aikin, sai da katakon ƙasa ya yi faɗin da zai rufe layin da aka rubuta KADA KA YI HAKA.