Sunan da Bakina Ba Ya Faɗa

Na so in bar wannan labari ya bi ni kabari, amma tunda rabin Madarumfa sun riga sun san shi, gara ku ji daga bakina. Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, ko na so ma ba za a bar ni ba.

Ni fa asalina direba ne. Kwatano, Lome, Agadas, Kano, babu inda ban taka ba, har ƙashin bayana ya ce ya gaji. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ina jan motar wani furoje, wato shirin raya karkara, mai taimakon masu lambu a bakin tabki, sai aka kawo mana ordinatar, wato kwamfuta. Da yake na ɗan taɓa lakkol, karatun boko ke nan, dirakta ya tura ni Yamai in koyo tsaronta, wato yadda ake hana mutum buɗe ta ya ga abin da ba nasa ba. Ya ce in na iya, na huta da sitiyari. In na kasa, makullin mota na nan rataye.

A Yamai, rabin abin da mushen da ke koya mana ke faɗi ban san gabansa da bayansa ba, kai kawai nake gyaɗawa. Abu guda na riƙe: kalmar sirri da ake bugawa kafin na'urar ta buɗe. Ya ce, "Ku zaɓi wadda ba za ku manta ba, kuma ba za ku taɓa faɗa wa kowa ba."

Na ce a raina, ai an gama. Sunan ɗana na fari! Tun da aka raɗa shi bai taɓa fita bakina ba, "yaron nan" nake ce masa (yanzu yana da gemu da iyali, har yau yaron nan ne).

Na dawo na sa shi, na shiga hura hanci. Duk wanda ya leƙo biro, wato ofishinmu, sai in ce, "Na kulle ta da kalmar da ko wuƙa aka sa min a wuya, bakina ba zai faɗe ta ba." Har a tashar Ɗan Isa na yi wannan cika baki.

Ran nan wani babba ya zo daga Yamai duba aiki, dattawan masu lambu sun cika biro. Ya ce a gwada kullen nawa. Ya dubi sakatariyarmu Madam Rabi, maƙwabciyata da ta girme ni, ya ce ta gwada shiga. Ta gyara mayafi, ta ɗan danna, sai ga na'ura ta buɗe wangwam.

Na leƙa bayanta, na taɓa wayoyi. Na ce, "Ina jin kuran ne ya yi rawa, kun san halin wutar lantarkin nan." Na kashe na kunna, ta sake buɗe ta. Wallahi har na fara tunanin ko matar nan tana da iskoki.

Baƙon ya ce, "Madam, wa ya ba ki kalmar?"

Ta ce, "Babu, ranka ya daɗe. Shi ke yawo yana cewa bakinsa ba ya faɗin ta. To mutum mai kunya irin wannan, me bakinsa ba ya faɗa? Ai ni na tuƙa tuwon sunan."

Ya juyo gare ni. "Haka ne? Mece ce kalmar?"

Na buɗe baki, na rufe. Na ce, "Yaron nan ne, ranka ya daɗe."

"Wane yaro?"

"Na... na gidanmu."

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce, "Kai, ɗan nan akwai kunya, Allah shi yi albarka!" Yana sa min albarka, ni kuwa ina jin aikina na sulalewa.

Allah ya so ni, baƙon ya yi dariya har da hawaye, ya roƙi dirakta a bar ni, da sharaɗin in canza kalmar nan take. Na kare da hannu na sa wata. Ranar na gane cewa abin da ba ka faɗa daban, abin da ba a sani ba daban, musamman a garin da kowa ya ci tuwon gidan kowa.

Da aka tashi, Madam Rabi ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni.

"Ƙanena, sabuwar da ka sa, sunan uwargida ne ko na surukarka?"