Rasuwar Wayata, da Maɓalli na Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa ta dubi jama'a, ni Kuramochi Tatsuo na garin Numata, mataimakin shugaban sashe a wani kamfanin inshora da ba zai so a ambace shi a nan ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da abokin gaba guda ɗaya, rasuwar wayata ta hannu. Marigayiyar mai murfi ce, ruwan azurfa, da ɗan eriyarta da ake zarowa. Ta cika ranar Talata da safe a jirgin ƙasan da ke kai mu aiki Takasaki, tana hannuna, tana bakin aikinta. Ta shekara goma da ɗoriya a duniya, wanda a wurin wayoyi tsufa ne na ganin tattaɓa-kunne.

Ta shigo gidanmu ne shekarar da 'yata Chinatsu ta shiga firamare. Na gaya wa matata Sumie cewa don aiki na saye ta, kuma da gaske ta yi aikin ofis na ɗan lokaci kafin ta gano abin da aka halicce ta dominsa.

Duk wanda ya san marigayiyar zai shaide ta da kunya da kamun kai. Ba ta taɓa ɗaga murya a cikin jirgi ba. Idan tana da magana sai ta ɗan yi rawar jiki a aljihun kwat, "zir, zir," ta yi shiru. In an buɗe ta ta ce "ƙwas", in an rufe ta ta ce "ƙwas", ba ta ƙara komai a kai. Caji ɗaya yakan kai ta mako ba tare da ƙorafi ba. Ta taɓa faɗawa cikin romon taliya a walimar ƙarshen shekara ta ofis, ta fito ta ci gaba da aiki, sai dai ta yi wata guda tana ƙanshin albasa. Mafi girman halayenta kuwa shi ne riƙon sirri. Shekara da shekaru abokan aikina na ganina na sunkuyar da kai a kanta, gira a haɗe, suna cewa Kuramochi-san ba ya hutawa da saƙon abokan ciniki. Ba ta taɓa gaya musu cewa yaƙi nake yi ba.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, sunan wasan Yaƙin Ganuwa. Fagen fama bai fi kwalin ashana ba. Sojoji ɗige-ɗige ne: masu mashi, 'yan baka, da mahaya. Ka zaɓi inda za su nufa, ka danna, ka jira saƙon ya je wurin wani mutum da ke wani gari, ya yi tunani, ya maido. A lokacin wannan abin mamaki ne, a ce ɗigon da ke kashe maka sojoji ɗan Adam ne mai numfashi, wataƙila shi ma yana tsaye a wani jirgin, wani na taka masa ƙafa. Ba a rubuta magana a wasan. Kalamai huɗu kawai aka tanada, kowanne da maɓallinsa. Na ɗaya: "Ina neman alfarmarka," da shi ake buɗe yaƙi. Na uku: "Yi haƙuri." Na bakwai: "Sannu da ƙoƙari." Na tara: "Na sha kaye."

Yaƙi ba ya ƙarewa sai wanda aka ci ya danna tara da yatsansa. Sai an faɗi hakan ake rubuta wa mai nasara nasararsa. In layi ya katse kafin nan, wasan ya tashi a banza, kamar ba a yi ba. Saboda haka a cikinmu babu ƙasƙantacce irin mai katse layi, wato wanda zai ga an kusa cinye shi ya kashe wayarsa. Ni da na rubuta kundin digirina a kan mutuncin jarumawan da suka sha kaye a yaƙe-yaƙen dā, na fi kowa tsanar irin waɗannan mutane, kuma na tsane su da hujjoji daga littattafai.

Sunana a fagen fama Guguwar Arewa. Ina roƙon jama'a su tuna ina da sauran gashi lokacin da na zaɓe shi.

A shekarun farko mu dubbai ne. Daga baya wayoyin gilashi suka zo, mutane suka watse, kamfanin ya daina ba sabbin wayoyi wasan, ya bar mu tsofaffi muna ƙarasa junanmu. Sunan kowa na ɗaure da wayarsa: in ta mutu, ya mutu. Cikin waɗanda suka rage akwai wani mai suna Ƙaguwa. Ban san sunansa na gaskiya ba, ban san garinsu ba, ban ma san ko namiji ba ne. Abin da na sani, kullum da safe in jirgi ya tashi daga Numata, marigayiyar za ta ce "zir, zir," in buɗe, in tarar yana neman alfarmata. Na san yatsunsa kan yi nauyi lokacin sanyi. Na san duk sanda ya kashe mini mahayi sai ya danna "Yi haƙuri," abin da babu wanda ke yi. Kuma na san kullum ta gefe yake kawo hari, ta hagu, kamar sunansa. Shi ya sa bai taɓa cina ba. Ko sau ɗaya. Kowace safiya yakan danna tara ba tare da jinkiri ba, in danna bakwai, in sauka a Takasaki ina jin kaina wani abu kafin shugaban sashe ya tuna mini matsayina.

A hanyarmu akwai inda jirgi ke shiga ramin dutse, layi ya ɗauke na ɗan lokaci. Sauran 'yan wasa in na ɓace sai su tafi abinsu, su ɗauka na gudu. Ƙaguwa ne kaɗai ya gane. Yakan tsaya cak da sojojinsa har in fito. Ban taɓa gode masa ba, don babu maɓallin godiya.

Rashin lafiyar marigayiyar ya faro tun bara. Batirinta ya kumbura har murfin baya ya daina rufuwa, na ɗaure shi da roba. Wuyanta ya saki, sai na tallafe shi da ɗan yatsa. A watannin ƙarshe ta koyi wani sabon kuka, siriri, "pii, pii," wanda ke nufin saura kaɗan ta suma. Na san wannan kuka sarai. Ina so a rubuta cewa na san shi.

Ranar Talatar, na jera dukkan rundunata a hagu ina jiran baƙona kamar kullum. Sai ya biyo ta tsakiya. Kai tsaye, ba kwana, da duk abin da ya mallaka. Har yau ban sani ba ko shekara goma ya yi yana gina wannan yaudara, ko kuwa ranar ya manta tabaraunsa a gida ne. Kafin mu kai ramin dutse an gama da ni, saura ɗan baka ɗaya tsaye a kan ganuwa. Ya danna "Yi haƙuri." Ya tsaya yana jira.

Babban yatsana na kan tara. A nan marigayiyar ta ce "pii, pii."

Ban katse layi ba. Wannan gaskiya ce, zan faɗe ta a gaban kowa. Amma ban yi sauri ba. Na zauna ina duban ɗan bakan nan kamar mai nazarin wata dabara, alhali yaron firamare ma ya san babu dabarar da ta rage. Jirgi ya tsaya a tasha, ya tashi. Ta sake cewa "pii." Ya sake tsayawa a wata. Sai fuskarta ta yi baƙi, ba ta ƙara farfaɗowa ba. A cikin baƙin gilashin na ga fuskar wani mutum mai furfura, da lakataye, yana murmushi.

Da yamma na kai ta wurin Inomata mai gyara, a bayan tasha. Ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya rufe.

"Yallaɓai, wannan ba gyara take so ba, addu'a take so."

"Minti ɗaya kawai nake buƙata ta tashi," na ce. "Maɓalli ɗaya zan danna."

"Kowa haka yake cewa a kan gawa. Wanne?"

Na nuna masa. Ya ɗaga ta wajen fitila. Duk maɓallan sun goge, sun yi sumul, lambobinsu sun ɓace, ban da tara, wanda ke nan da fentinsa fes kamar yau aka fito da shi daga kwali.

"Af, ai wannan sabo ne," in ji shi. "In cire maka? Ko ni zan saya."

A gida na kasa cin abinci. Sumie ta dube ni, ta dubi kwanon.

"Baban Chinatsu, ranar da mahaifina ya rasu kwano biyu ka ci. Har ka tambaya ko da sauran kifi."

"Ranar na yi ta tsayuwa ne."

"To ci, kafin a ce ni na kashe ta."

Chinatsu, wadda yanzu take jami'a, ita ta matsa har na faɗi abin da ya faru. Ta ɗauko kwamfutarta, ta nemo wani dandali inda ragowar 'yan wasan ke hira, wanda ni ban taɓa sanin yana nan ba. Tana karantawa sai ta ɗago.

"Baba, kai ne Guguwar Arewa? Kai? Mai sa safa biyu a watan Mayu?"

"Karanta kawai."

"Wani ya ce guguwa ta koma iskar mafici. Wani ya ce shekara goma kana cin mutum, rana ɗaya ya rama ka tsere ta taga. Wannan kuma ba zan karanta ba, Mama na ji." Sai ta daina dariya. Ta juyo mini da kwamfutar. "Ga na mutumin naka."

Layi ɗaya ne, kuma shi ne karo na farko da na ga kalmomin da ya zaɓa da kansa: "Ku bar shi. Yana cikin rami ne. Zai fito."

Na sa ta rubuta cewa wayata ce ta mutu. Nan take wani ya amsa cewa wayar kowa ma mutuwa take yi in saura soja ɗaya. Da ni ne a wurinsa, da abin da zan rubuta ke nan, sai dai in ƙara da misali daga tarihi. Ƙaguwa bai sake cewa komai ba. Nasara ɗaya tak ya samu a kaina, kuma ba a rubuta ta ko'ina ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar cajarta, wadda ba ta shiga kowace waya a duniya yanzu; da 'yar kyanwar roba mai ƙararrawa da Chinatsu ta rataya mata tun tana firamare; da robar ɗaurin baya; da ɗan baka ɗaya a kan ganuwa, wanda ba a san halin da yake ciki ba. Ta kuma bar magajiya, wani allon gilashi marar maɓalli ko ɗaya, wanda muke gaisawa amma ba mu saba ba. Sai ni.

Za a yi jana'iza ranar Lahadin farko ta watan gobe, da hantsi, a ƙaramin haikalin da ke kan tudu bayan tashar Numata, inda ake taron sallamar kayan da suka gama aiki. Da na je neman izini ina ta kame-kame, malamin haikalin ya katse ni.

"Haba Kuramochi-san, kwantar da hankalinka. An kawo mini allurai, an kawo 'yar tsana, bara har haƙoran roba na yi wa addu'a. Ta yi maka hidima?"

"Ta yi."

"Kai fa, ka yi mata?"

Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi a gida, yana da baƙi.

Za a ƙona turare, a kwantar da ita tare da sauran, sannan a sha shayi. Ba a karɓar ambulan ta'aziyya ko furanni. Ana roƙon abokan aiki da suka ga wannan sanarwa su yi kamar ba su gani ba, yadda muka saba yi wa juna.

Za a sallame ta ne ba tare da maɓalli na tara ba. Inomata ya cire shi, na naɗe shi a farar takarda, yana aljihun da ta saba zama. Ba nawa ba ne.

Ƙaguwa, in wannan ta iso gare ka: na fito daga ramin. Zan tsaya a ƙofar haikalin tun kafin a fara har a watse. Tunda ban san fuskarka ba, duk baƙon da ya shigo, tsoho ko yaro, mace ko namiji, ta gefe ya biyo ko ta tsakiya, zan rusuna masa in ce da bakina, yadda kowa zai ji, "Na sha kaye." Sumie ta riga ta ce za ta tsaya can wajen motoci, kuma in an tambaye ta ba ta san ni ba. Wanda ya amsa mini da "Sannu da ƙoƙari," shi zan miƙa wa takardar.