Rasuwar Gimbiya, Bidiyon Datti Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai sauka ba, Malam Datti Tela na Gangare yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da mutum biyun da suka san abin da suka aikata, rasuwar bidiyonsa da aka fi sani da Gimbiya. Ta cika ranar Asabar bayan la'asar, tana da shekara goma sha ɗaya a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a Turai kafin ta sauka Kwatano.

Marigayiya mai ladabi ce. In aka miƙa mata kaset, sai ta karɓa a hankali, ta ce "ƙirrr… kak!", hoto ya fito tas. Ba ta taɓa tauna kaset ɗin aro ba. Da gari ya koma kallon sidi, ta sha gori a bakin marasa mutunci, ta ci gaba da aikinta.

Ajalinta ya zo ne ta hannun baƙi. Datti ya samo wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, a kayan wani malami da ya bar Kuru, kuma ya tabbata babu irinsa a duk Jos. Labarin wata mata ne da ake ajiye wa takalmi ƙafa ɗaya a ƙofar gida duk ranar da za a kashe wani. Saboda kirki ya ƙi kallo shi kaɗai. Ya gayyato Sharafaddeen mai turare da Badung direban tifa, ya sa aka dafa musu dankali da ƙwai.

Saura minti bakwai a gama, matar ta laɓe bayan ƙofa, mai ajiye takalmin yana hawowa bene, sai hoto ya fara layi-layi. Ciwo ne da ta saba, maganinsa auduga da ɗigon sifirit a goge mata kai. Datti ya shiga ɗaki neman kwalbar. Kafin ya fito, Sharafaddeen ya kwance mata murfi ya shafe mata kai da turarensa mai maiƙo.

"Ai wannan ya fi sifirit daraja, Datti. Ɗan Dubai ne!"

Zaren kaset ya manne, ya nannaɗe mata hanji. Ta ce "wiii… ƙrrt." Nan Badung ya miƙe, wai haka yake yi wa rediyon tifa, ya sakar mata mari biyu da hannun da yake ɗaure taya. Ba ta ƙara magana ba. Mutanen nan kuwa sai da suka cinye dankalin.

An garzaya da ita Gada Biyu wurin Nwabueze mai gyara. Ya leƙa cikinta, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Oga Datti, zaɓi ɗaya. In na yanka zare, bidiyo zai tashi, amma ƙarshen fim ya tafi. In kana son fim, sai na fasa bidiyon."

Datti ya fita waje ya tsaya. Ya tuna shekara goma sha ɗaya. Ya tuna takun nan a kan bene. Ya dawo idonsa jawur, ya ce a fasa ta a ceto fim. Iyalan mamaciya suna jan kunnen masu yawo da wannan magana a majalisa: wanda aka kai shi bango ba shi ne ya yi kisa ba.

Ta rasu ta bar talabijin mai ƙusumbi, rimot da aka ɗaure wa baya da roba, da marayun kaset arba'in da ɗaya. Har yanzu gawarta ƙamshi take, abin da ya fi ƙona wa Datti rai ke nan.

Za a yi jana'iza gobe Talata da hantsi. Za a naɗe ta da zanen da ake rufa mata, a sa ta a kwalinta, a ɗora saman wadirof. Zaman makoki a shagon Nwabueze ne, inda za a kalli minti bakwai ɗin da ta ba da ranta dominsu a bidiyon shagon. Sharafaddeen da Badung kada su wahalar da ƙafafunsu, an yafe ta'aziyyarsu. Duk kuma wanda ya halarta, ya je ya faɗa musu yadda fim ɗin ya ƙare, to ya zo ya kwashe ɗinkinsa, ko da an yanka.