Tabarmar Bangon Dada

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙin Abuja suka zo unguwarmu a Mubi ba. Gwamnatin tarayya ce ta ware tallafin gina magudanar ruwa da gyaran gidajen marasa ƙarfi, aka turo su su duba unguwannin da suka fi buƙata. Mu kuwa duk damina mayo, wato rafin da ke kusa da mu, sai ya shigo mana har tsakar gida. Ɗakin Dada, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, ya tsage tun daga sama har ƙasa, kowa ya san ba zai ga wata daminar ba.

Ni ne sakataren ƙungiyar unguwa (kuma a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni). Na tara jama'a na ce, "Baƙo ba zai same mu cikin ƙazanta ba." Muka cike kwazazzabon da ruwa ya haƙa da jar ƙasa, muka shafa wa katangu farar ƙasa, kowa ya ciro kayan Sallarsa. Bangon Dada kuwa, na aro sabuwar tabarma na rataya a kan tsagar, na ja da baya ina yaba wa kaina.

Baƙi suka zagaya, ina gaba cikin babbar riga ina ta zuba bayani. Shugabarsu, wata injiniya, ta rufe littafinta ta ce, "Gaskiya kun burge ni. Ku kam kun tsaya da ƙafarku, bari mu duba na gaba da ku."

Sai a lokacin na gane kwalliyarmu ta kore mana tallafin.

Sai ga Dada ta dafo sanda. "Ɗana, baƙi ya gama gani? Mai tabarma yana son abinsa." Ba ta jira amsa ba, ta fizge ta. Ta cikin tsagar muka hango gadonta da akuya a kai.

Injiniya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya rufe wannan?"

Yatsun unguwa kaf suka nuno ni, har da na matata.

Da hannuna na riƙe shebur na tone kwazazzabon, da babbar rigar da komai, baƙin suna ɗaukar hoto. An gina magudanar, Dada ta samu ɗaki. Ni kuma na samu suna, Sakataren Tabarma.

Yanzu in aka ce masu tallafi na tafe, ko shara ba na bari a yi a ƙofar gidana.