Sukarin da Ke Cikin Hular Nomau

A ƙauyen Ɗorawa akwai wani mutum, Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Shi da yayarsa Tabawa kaɗai suka rage a gidan iyayensu. Ita ke ciyar da shi, ga ta da ciwon sukari, kullum sai ta yi wa kanta allura.

Wata rana ya raka ta asibiti. Malamar asibiti ta ce masa, "Allurar nan takan sa sukarin jikinta ya yi ƙasa, musamman in ba ta ci abinci ba. Kada ka rabu da ƙwayar sukari. In ka ga tana gumi, jiki na rawa, magana na harɗewa, ka ba ta nan take, muddin tana iya haɗiya. In ta suma, kada a ɗura mata komai, ku kawo ta." Nomau ya zuba sukari cikin hularsa, har kwana yake yi da ita. Tururuwa suka yi ta cizon kansa, bai cire ba.

Wata rana Tabawa na daka da tsakar rana, gumi na zuba, sai ga Nomau ya kai mata sukari baki.

"Kai, kashe ni za ka yi? Zafi ne!"

"An ce gumi, Yaya."

Ta bi shi da taɓarya har ƙofar gida.

Wata rana ta yi allurarta, ta ɗauki azumin nafila, ta shiga maƙwabta zaman makoki. Bayan azahar gumi ya keto mata, hannu na karkarwa, ana yi mata magana tana shirme. Gwaggo Jummai, dattijuwar gidan, ta ce, "Iska ce. A kawo garwashi a yi mata hayaƙi."

Nomau ya jiyo salati daga waje, ya kutsa cikin mata, ya durƙusa.

"Yaya, kina iya haɗiya?"

Ta gyaɗa kai da ƙyar. Ya cire hula.

"Azumi take yi, sakarai!" in ji Gwaggo Jummai.

"Malama ba ta ce ban da mai azumi ba."

Ya sa mata sukari a baki. Kafin garwashi ya iso, Tabawa ta dawo hayyacinta, ta nemi abinci. 

Washegari tana gaban murhu tana gumi, sai ga shi da hula a hannu. Ba ta ɗauki taɓarya ba. Ta miƙa masa hannunta, ta ce, "Duba da kyau, Nomau. Yana rawa?"

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da hularsa.