Tabar Sarkin Hayaƙi Ta Ji Ɗari

Daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, ba a taɓa yin ɗan albasa mai wayewar Alhaji Waliyyu ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka, mu kuwa su wa da za mu ƙaryata babban mutum? Tun da ya kai lodi Ikko ya dawo da kwalin wata gandamemiyar taba naɗin ganye, mai kaurin rake, irin ta manyan Turawa, 'yan tasha suka naɗa shi Sarkin Hayaƙi. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Shekarar da aka yanki Jihar Kebbi, 'yan albasa suka shirya tura wakili Birnin Kebbi ya yi magana da yawunsu. Alhaji ya ƙwallafa rai a kan wakilcin nan. A tunaninsa, da zarar dattawa sun gan shi da tabar a baki, zance ya ƙare.

Sai sanyi ya sauko, bai ko nemi izinin Alhaji ba. Taba ta bushe ta tsattsage. In ya kunna, gefe ɗaya ya ci, ɗaya ya ƙi, ga ɗan karen ɗaci. A teburin mai shayi a Jega ya yi tari har hularsa ta faɗi. Ya ɗauka ya kaɗe, ya yi wa jama'a karatu.

"Mi kunka sani? Wagga taba ɗiyar sarauta ta. Ɗari shi ka kashe mata daɗi. Laima taka so, kuma ni kaɗai nis san maganin abin."

Magani kuwa ya samo shi, irin na masu ilimi mai zurfi. Ya cusa kwalin a tsakiyar tarin albasarsa a Aliero, ya bar shi kwana da kwanaki yana shan raɓa.

Ranar taron zaɓen wakili aka hallara da sassafe a ƙofar gidan Maigari a Maiyama, kowa ya dunƙule cikin bargo. Alhaji ya iso yana kaɗa babbar riga, ya zaro taba a gaban sa'o'in mahaifinsa. Dattawa suka dubi juna. Ya ƙyasta ashana, iska ta kashe. Ya sake, ta kashe. Da ƙyar ta kama, sai warin ƙonanniyar albasa ya gauraye wurin, idanunsa suka kawo ruwa.

"Jama'a, ni da nit taka Ikko da ƙahwata..."

Taba ta mutu.

"Ku dakata mani. Babban mutum ba shi magana ba hayaƙi."

Ya zaga bayan katanga inda ba iska, ya tsugunna, ya rufa riga a ka, ya dinga ƙyasce-ƙyasce. Dattawa dai haƙoransu na haɗuwa, kowa na tuna kokon da ya baro a gida. Maigari ya waiwaya ya ga wani dillali, Jibrilla, zaune kusa da shi.

"Kai, kana iya tahiya Birni?"

"Awo, ranka shi daɗe."

Aka shafa fatiha.

Can sai ga Alhaji ya fito, ido jajur, taba na ci bal-bal, ya ɗaga hannu zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ya tarar har an naɗe tabarmi.