Ranar da Farfesa Ta Gwada Kunnena

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka rufe ni a ɗakin gwajin kunne.

Ni direba ne. Kafin tuƙi na daɗe a Dei-Dei ina yankan rodi, lokacin da ko'ina ka waiwaya a Abuja bene ake ɗagawa. Injin yankan nan ya cinye min kunnen dama, ban gaya wa kowa ba, har matata. Wa zai riƙe direban da ba ya jin hon? Kuma duk faɗin garin nan sai Allah ya haɗa ni da Farfesa, matar da tun ƙuruciyarta ba ta da aiki sai kunne da magana. A asibiti ta fara, tana taimakon masu in'ina da kurame, daga baya ta koma jami'a tana koyar da masu wannan aikin.

Kullum da tsoro nake tuƙa ta. Duk abin da ta faɗa daga baya, amsata ɗaya ce: "To, ranki ya daɗe." (Ko zagina ta yi, abin da za ta samu ke nan.) Da na ga ta bar kujerar oga ta koma zama daidai bayana, na ce shi ke nan, an fara sa min ido.

Wata safiya na shigar mata da jaka aji, ɗalibai cike, ta ce, "Malam, zo ka taimake mu. Wanda za mu gwada bai zo ba."

Yarana na makaranta kawai nake gani a raina, in aikin nan ya tafi.

Aka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, mai tagar gilashi. Wata ɗaliba ta ɗora min abin sauraro a kunnuwa, ta ba ni madanni. Ta ce duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in danna, fitila za ta kama a wajensu. Aka rufe ƙofa.

Shiru kamar kabari. Na jira, babu komai. Na ce lallai ƙarar tana ta zuwa, ni ne ba na ji. Sai na kafe hannun Farfesa da ido ta gilashi. Ta motsa, na danna. Ta gyara mayafi, na danna. Ta ɗauki biro, na danna sau biyu (kada a ce na yi jinkiri). Har gyaɗa kai na fara kamar mai jin waƙa.

Can na ga ɗalibai suna toshe baki. Wani ya sunkuya bayan tebur, kafaɗunsa na rawa.

Farfesa ta taso ta buɗe ƙofa, da bakin wata waya a hannunta. Wayar abin da ke kunnena ce. Ba a ma jona ta ba.

"Malam, ba mu fara ba, bayani nake musu. Me kake ji haka?"

"Ranki ya daɗe, ina ɗan ji kaɗan-kaɗan."

Ajin ya fashe. Ni kuwa na zaro makullin mota na miƙa mata, don gara in bayar da kaina kafin a karɓe.

Ba ta karɓa ba. Ta juya ta ce musu, "Ku gama dariyar. Irinsa za ku yi ta gani, mutumin da ke tsoron rasa abincinsa. Shi ya sa nake ce muku ku juya kujera, kada ya ga hannunku." Sannan ta zagayo ta gefen haguna ta ce a hankali, "Kana tsammani don me na koma zama bayanka? Wannan ne kunnen mai kyau. Mai da makullinka aljihu, wa zai kai ni gida?"

Aka juya ni na fuskanci bango, aka yi gwajin gaske. Yanzu da 'yar na'ura a kunnena, ina jin hon, ina jin Farfesa, ina jin mitar matata ba ragi. (Har yau ina shakkar ko akwai wani da aka ce bai zo ba.)

Abin da na koya: kada ka ɓoye ciwo ga wadda ta ƙare rayuwarta tana karanta shi. In kuwa dole sai ka yi ƙarya, ka bari a jona wayar tukuna.